Yaran Katuru Sun Riƙe Kyamara, Saura Ubangida

A makon ƙarshe na zangon karatun da ya gabata, bayan mun kammala darasi kan kare-karen harshen Hausa, sai na jefa wa ɗalibaina na ajin ƙarshe wata tambaya wadda ba ta cikin manhaja. Na ce, wane ne a cikinku ya taɓa jin sunan Katuru? Mutum biyu kaɗai suka ɗaga hannu. Na farko ya ce a rediyo ya ji sunan, ranar da ake jero ƙauyukan ƙasar Shinkafi da 'yan bindiga suka tayar. Na biyu ya ce a Facebook ya ga wani gajeren bidiyo na mata da yara ɗauke da ƙullin kaya a ka, an rubuta sunan garin a ƙasa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san cewa a Katuru ne Allah Ya karɓi ran Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu a shekarar 1842, yana kan hanyar dawowa daga yaƙin Tsibiri, wanda shi ya sa har gobe ake kiransa Mai Katuru.

Ban ga laifinsu ba, domin abin da aka nuna wa mutum shi yake gani. Yau duk wanda ya rubuta Shinkafi ko Zurmi ko Ƙauran Namoda a intanet, abin da zai fara cin karo da shi bai wuce adadin waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace ba. Labarin gaskiya ne, kuma wajibi ne a ba da shi. Sai dai wannan ƙasa tana da wasu labaran. A nan ne Dutsi take, wadda tarihin Zamfarawa ya ce ita ce mazauninsu na farko. Daga nan Namoda ya fito, wanda yana cikin sarakunan yaƙin da suka ci Alƙalawa a 1808. A Ƙauran Namoda layin dogo da ya taso daga Zariya ya tuƙe a 1929, kuma kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta daɗe tana tara fatake har daga Nijar. Mafi yawan masu ba duniya labarin yankin a yau ba su taɓa kwana a cikinsa ba. To ina 'ya'yan ƙasar? Amsar da na samu ita ce suna nan, kuma da yawansu da kyamara a aljihu. Abin da suka rasa shi ne ubangidan da zai zauna da su ya nuna musu aiki.

Littafin rubutu da tsohuwar waya

Aikina shi ne nazarin harshe, kuma shi ya kai ni Ƙauran Namoda domin naɗar maganar dattawa masu Zamfarci. Ina buƙatar wanda zai riƙe mini na'urar naɗar sauti, sai mai masaukina ya haɗa ni da wani yaro ɗan shekara 16, wanda iyayensa suka baro ƙauyensu da ke tsakanin Shinkafi da Zurmi. Karatunsa ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare. Yana wuni a wani shagon cajin waya, inda ake kuma tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a memori.

A rana ta uku, da muka saba, ya ciro wani littafin rubutu na 'yan makaranta ya nuna mini. Shafi bayan shafi ya zana ƙauyensu da biro, daga abin da ya rage masa a ka: masallacin Juma'a, rijiyar da ke bakin kasuwa, rumbunan kakarsa, tsamiyar da suke wasa a gindinta, har da hanyar da suka bi suka fita da dare. Sannan ya ɗauki hoton kowane shafi da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ya jera hotunan a wata manhaja, ya ɗora muryarsa a kai yana bayani. Duka abin bai wuce minti uku ba. Babu wanda ya koya masa, babu kuma wanda ya gaya masa cewa abin da ya yi yana da suna a jami'o'in duniya, wato fasahar da ke haɗa zane da hoto da sauti da rubutu wuri guda.

Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, aikin yana da aibobin da mai sana'a zai gyara cikin yini ɗaya: iska ta cika makirfo, inuwar hannunsa ta faɗa kan shafukan, ga wani kiɗan fim ɗin soyayya da ya sa a ƙarƙashi ya danne muryar. Ni dai na ji akwai matsala, amma ban san maganinta ba, don kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na biyu kuwa ya shafi fagena. Yaron da yake magana da ni da tsantsar Zamfarci, da ya zo ɗora murya sai ya koma Hausar 'yan fim ɗin Kano. Na tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, in munka yi irin maganammu, dariya aka yi muna."

Mai karatu, wannan magana ta yi mini nauyi. Mutumin Zurmi ko Shinkafi yakan ce munka da kunka da sunka a inda Bakano zai ce muka da kuka da suka. Yakan ce shina tahiya maimakon yana tafiya, yaz zaka maimakon ya zo, ɗiya maimakon 'ya'ya, mi maimakon me. Masu nazarin tarihin Hausa sun nuna cewa karin yamma ya riƙe tsofaffin siffofi da dama waɗanda karin gabas ya sassauta. Daidaitacciyar Hausa da muke rubutu da ita an gina ta ne bisa karin Kano, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta ƙara kafa ta, kuma ta yi mana amfani ƙwarai. Amma da wancan kari na yamma Narambaɗa ya yi Bakandamiya. Mu malaman jami'a muna samun digiri da ƙarin girma a kan wannan harshe, shi kuwa mai harshen yana jin kunyar a ji shi da shi.

Makarantar da muka gada

Koyar da yaro fasaha ta hanyar haɗa shi da gwani ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Ita ce makarantar da ta fitar da manyan makaɗan da Arewa ke alfahari da su, kuma yawancinsu daga wannan sashe suke. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, ya yi zamaninsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, maƙwabciyar Shinkafi. Kassu Zurmi, mawaƙin 'yan tauri, sunan garinsu na manne da nasa. Salihu Jankiɗi daga Rawayya ya fito, Sa'idu Faru daga Faru ta ƙasar Maradun. Musa Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, ya tashi a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sannan ya yi shekaru yana bayan wansa Abdu Kurna kafin ya ja nasa ayari. Wanda ya duba ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗa da mawaƙan Hausa, ko littafin Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kan Narambaɗa, zai ga cewa babu ɗayansu da ya faɗo daga sama.

Tsarin a fili yake. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da tsaron ganguna. Daga nan a ba shi kotso ko taushi ya riƙa bi a hankali. Sannan ya shiga sahun 'yan amshi, inda zai koyi inda ake shiga da inda ake tsayawa. In ya ƙware sai a bar shi ya riƙa yin ƙari a kan abin da ubangida ya faɗa, a gaban sarki da jama'a, inda kuskure ke da tsada. Ranar da ubangida ya ga ya isa, sai ya sallame shi da albarka. Haka abin yake a wajen dukawa da maƙera da magina, da masu ɗinkin aska takwas, da alarammomin da ke koyar da zayyanar allo. A duk waɗannan, yaro yana koyo ne a cikin aikin gaske wanda za a kai kasuwa ko fada, hannunsa na cikin aikin, idon gwani na kansa.

Wannan makaranta ta riga ta yi rauni tun kafin rikici, saboda sauyin zamani da raguwar ƙarfin fada. Rashin tsaro ya zo ya ƙarasa ta a wurare da dama. Shekarar 2021 kaɗai ta isa misali. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A farkon Satumba aka sake kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka dakatar da kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya na tsawon makonni. Yaron da yake ɗan shekara 12 a wannan shekara ya yi ƙuruciyarsa tsakanin rufaffen aji da rufaffiyar kasuwa. Bikin da makaɗi zai je da yaransa ya ragu, dandalin da ake tatsuniya ya watse tun magariba.

Ita kuwa zuciyar yaro ba ta zama fanko. Da layukan waya suka dawo, abin da ya cika su ya haɗa da bidiyon 'yan bindiga da ke baje damman kuɗi da makamai a TikTok, da waƙar yabon Bello Turji da ta zagaya wayoyin mutane a ƙarshen 2021. Ƙasar da ta san abin da kirari ke yi wa ɗan tauri ba ta buƙatar a yi mata bayanin abin da irin wannan ke yi wa yaro ɗan shekara 15 wanda ba ya makaranta. Su waɗancan sun fahimci ƙarfin hoto da sauti, suna kuma amfani da shi. In mutanen kirki ba su zama iyayen gidan yaran nan ba, akwai masu jiran gurbin.

An gwada a wasu wurare

Kada a ɗauka mafarkin malamin jami'a ne kawai. A nan Kaduna, wasu samari 'yan'uwan juna da ke kiran kansu The Critics sun fara shirya gajerun fina-finan ƙagaggen kimiyya a 2016, suna 'yan makaranta, da fasasshiyar waya da wani koren ƙyalle da suka rataya a bango. A YouTube suka koyi tace hoto, suna fama da rashin wuta da tsadar data. A 2019 labarinsu ya bazu, darakta Kemi Adetiba ta taimaka aka tara musu kuɗin kayan aiki, a 2020 kuma J.J. Abrams, ɗaya daga cikin manyan daraktocin Amurka, ya aiko musu da kaya. A 2023 an baje kolin aikinsu a wani gidan adana kayan fasahar zamani a birnin Frankfurt na Jamus. Basirar tasu ce tun asali, amma sai da gwanaye suka miƙo hannu sannan ta kai inda ta kai. Su a babban birni suke, inda ɗan jarida zai iya isa gare su. Yaron Katuru fa?

Idan muka koma baya, garin Oshogbo ya ba da darasi a wannan fage. A 1962 Duro Ladipo da Ulli Beier suka buɗe dandalin Mbari Mbayo, a 1964 kuma Georgina Beier ta gudanar da bitar zane ga samarin garin, waɗanda yawancinsu 'yan wasan kwaikwayo ne da ba su yi zurfi a boko ba. Daga cikinsu aka sami Twins Seven-Seven, wanda UNESCO ta karrama a 2005, da Muraina Oyelami, da Jimoh Buraimoh wanda da mai haɗa wutar dandali ne ya koma gwanin zane da duwatsun ado. Abin lura shi ne ba a ce su kwaikwayi zanen Turai ba. An ba su kayan aiki, an zauna da su shekara da shekaru, su kuma suka zana abin da suka taso suka gani a garinsu.

A maƙwabciyarmu Nijar, Mustafa Alasan ya fara ne da wasan inuwa da fitila yana nuna wa jama'a zanensa. Haɗuwarsa da Bafaranshen mai shirya fim Jean Rouch a Yamai ta buɗe masa hanyar zuwa Kanada, inda ya ga aikin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. Ya dawo ya zama cikin na farko da suka yi fim ɗin katun a Afirka ta Yamma tun a shekarun 1960, ya kuma yi zama a Tawa, cikin ƙasar Adar, kafin rasuwarsa a 2015. Labarin Umaru Ganda kuma yana ɗauke da gargaɗi. Yana ɗan dako a tashar jiragen ruwan Abijan Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Rayuwar Ganda ce a ciki, amma sunan Rouch ne a sama. Sai bayan kimanin shekara goma Ganda ya shirya Cabascabo, ya ba da labarin tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indocina da bakinsa, a 1972 kuma ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu. Ashe ubangida na ƙwarai shi ne wanda ya san ranar sallama.

Misalin da ya fi kama da halinmu yana ƙasar Kanada. A 2004 wata mai shirya fim, Manon Barbeau, tare da shugabannin ƙabilar Atikamekw, suka kafa Wapikoni Mobile. Mota ce da aka mayar situdiyo, tana zuwa ƙauyukan 'yan asalin ƙasar masu nisa da birane, ta yi kusan wata guda a kowane wuri. Ƙwararru na zaune a ciki, matasa na shigowa da labarinsu, a yi aikin tare, a ranar ƙarshe kuma a nuna wa mutanen garin. An fitar da gajerun fina-finai fiye da dubu ta wannan hanya, da yawa a cikin harsunan da ake fargabar ɓacewarsu. Wanda ya san tarihinmu zai tuna da 'Yan Taru na Nana Asma'u, inda jajis ke ɗaukar karatu daga Sakkwato su kai wa matan ƙauye har gida. Dabarar kai malami inda ɗalibi yake tamu ce tun ƙarni na 19.

Abin da za a ce, da amsata

Na san wani zai ce, mutanen da ke neman inda za su kwana lafiya ne za a kawo wa zancen zane da kyamara? Maganarsa na da ƙarfi, kuma ba na da'awar cewa fasaha za ta maye gurbin tsaro ko abinci ko asibiti. Amma yaro ba ya dakatar da girma har sai an gama yaƙi. Wanda yake ɗan shekara 14 yau, nan da shekara biyar magidanci ne ko ɗan sa-kai ko wani abin da ba ma fata. Bugu da ƙari, wannan sana'a ce da ake ci da ita: ɗaukar bikin aure, tace sauti, tallan rediyo, zanen alluna da tambarin shaguna. Yaron da na ba da labarinsa ya riga ya san rabin aikin, sauran rabin ne zai raba shi da zaman jiran kuɗin caji.

Wani kuma zai kawo batun addini da tarbiyya, musamman a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999. Wannan ma ba abin wasa ba ne. Mun ga yadda shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano ya rushe a 2016 bayan malamai da jama'a sun nuna ƙin amincewa. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne duk abin da aka sauko da shi daga sama ba tare da shawarar masu gari ba, ƙarshensa ke nan. Abin da nake kira a yi bai dogara da rawa da waƙar soyayya ba. Naɗar muryar tsohuwa tana ba da tarihin rijiyar garinsu, ko mayar da zayyanar allo ta zama zane mai motsi, ko taswirar ƙauye da aka ɗora wa bayani, duk suna cikin wannan fasaha. Limami da hakimi da iyaye su ne farkon waɗanda za a zauna da su, kuma su ne farkon masu kallo.

Akwai kuma wanda zai ce ai ana yin bita iri-iri. Ana yi, ni ma an taɓa gayyata ta wata a wani otal, a matsayin mai gabatar da takarda. Kwana uku aka yi. An raba jaka da riga da takardar shaida, aka ɗauki hoton rukuni, aka biya kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Kyamarorin da aka nuna wa yaran a mota ɗaya suka koma da masu bitar. Bayan wata shida na tambayi ɗaya daga cikin yaran abin da ya yi da ilimin, ya ce rigar dai tana nan. Da a ce kwana uku Ɗankwairo ya yi a bayan Kurna, da ba mu san sunansa ba.

Yadda nake ganin za a yi

Na farko, a fara da ƙarami. Ɗaki ɗaya ya isa, mai wutar sola da kwamfuta 'yan kaɗan da makirfo masu kyau da takardu da alƙaluman zane. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana tsakiyar yankin, kuma garin ya tara iyalai da dama da suka baro ƙauyukansu. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da aka kafa a 2013, ba ta da nisa. In hanya ta yi kyau sai a ɗauki kayan a kai Shinkafi da Zurmi, daga nan a dangana da Katuru.

Na biyu, gwanayen su zo su zauna, su kuma riƙa dawowa. Muna da su: masu ɗaukar hoto da tace fim na Kano, waɗanda masana'antarsu ta faro tun Turmin Danya a 1990, da waɗanda suka fito daga makarantar koyon fim ta Jos, da masu zane na Jami'ar Ahmadu Bello, da tsofaffin ma'aikatan rediyon Kaduna da Sakkwato da Gusau waɗanda suka san sirrin sauti. A haɗa su da gwanayen gida, wato makaɗi da baduku da mai zayyana, domin kowanne na da abin da ɗayan bai sani ba. A biya su haƙƙinsu kamar kowane ma'aikaci, a kuma ɗaure su da alkawarin shekara biyu ko uku da yara ƙalilan da za su san sunan kowannensu.

Na uku, aikin ya zama na gaske kuma na yaran. Su za su zaɓi labari, sunansu ne zai fito a kai, kuma kwafin asali ya zauna a garinsu. Kada wani ya zo ya kwashi hawayensu ya tafi da shi bikin baje koli a Turai, su ko labari ba su ji ba. A fara nuna kowane aiki a ƙofar fada ko harabar makaranta kafin a kai shi ko'ina.

Na huɗu, a bar su su yi da harshensu. Wanda Zamfarci ne a bakinsa ya yi da Zamfarci, a sa fassara a ƙasa da daidaitacciyar Hausa ko Turanci. Wanda Fulatanci ya tashi da shi ya yi da Fulatanci. Ina ganin wajibi ne a zaunar da ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani a kan kwamfuta ɗaya, domin rikicin nan ya shuka gaba a tsakanin yaran da kakanninsu suka yi kasuwa ɗaya da masallaci ɗaya. Shi kansa Namoda da garin ke amsa sunansa Bafulatani ne daga Alibawa. Yaran da suka kwana biyu suna gardama kan inda za a yanke hoto, da wuya ɗayansu ya yarda in an ce masa ɗan'uwansa ba mutum ba ne.

Na biyar, kada a manta da 'yan mata. A ware musu lokacinsu da malamai mata, da yardar iyaye. Su ne suka fi kusa da kakanni, su ke jin waƙoƙin daka da na niƙa da na reno waɗanda ni namiji mai bincike ba na isa inda ake yin su.

Na shida, kuma mafi muhimmanci, a kiyaye rayukansu. A wurin da ake kashe mutum bisa zargin kai rahoto, yaro mai ɗaga waya yana ɗaukar hoto na iya jawo wa kansa da gidansu bala'i. Saboda haka ƙwararren da zai yi wannan aiki dole ya koya wa yaran abin da ba a ɗauka: wurin jami'an tsaro, fuskar wanda aka sako daga daji, sunan wanda ya ba da shaida. A nan ne zane da murya suka fi bidiyo amfani, domin zane na iya faɗin gaskiya ba tare da ya tona asirin kowa ba. Yaron nan da littafinsa ya riga mu gano haka.

Su wa za su ɗauki nauyi? Ba na jiran gwamnati ita kaɗai, ko da yake ma'aikatun ilimi da na al'adu na da rawar takawa. Masu karanta wannan shafi sun haɗa da likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da manyan ma'aikata 'yan asalin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da ke zaune a Abuja da Kaduna da Legas. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da na tsofaffin ɗalibai sun saba gina aji da haƙa rijiya, kuma Allah Ya saka musu. Ɗaukar nauyin gwani ɗaya na shekara guda bai fi ƙarfinsu ba. Mu ma na jami'a akwai bashi a kanmu. Mun daɗe muna zuwa muna naɗar muryoyin mutanen nan muna rubuta kundaye, ba mu mayar musu da ko kaset ɗaya ba.

Kafin in baro Ƙaura na mayar wa yaron littafinsa, na kuma roƙe shi abu ɗaya. Na ce ya cire kiɗan, ya je ya zauna da kakarsa, ya buɗe mata shafin rumbuna, ya bar ta ta yi magana yadda ta saba. Bayan mako uku ya turo mini saƙo. Tsohuwar ta yi minti 11 tana lissafa irin gero da dawar da suke zubawa a kowane rumbu, da shekarar da fara ta zo, da sunan wanda ya yi mata yaɓen na ƙarshe, duk da Zamfarcin da ban taɓa naɗar mai daɗinsa ba. A tsakiya muryarta ta karye, ta yi shiru, shi kuma yaron ya yi hankalin da bai yanke shirun ba. Sai dai har yanzu iska na busawa cikin makirfo, ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na maganar.

A ƙarshen saƙon ya rubuta, "Malam, ƙaƙa za ni yi da iskan ga?" Ban san amsa ba. Amma na tabbata a Kano ko Jos ko Kaduna akwai wanda zai iya nuna masa cikin minti biyar, kuma wataƙila yana karanta wannan shafi yanzu. Tsohuwar ta haura shekara 80. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya, Ya kuma haɗa yaranmu da iyayen gida na gari tun masu ba da labarin suna raye.